Zuwa ga Inna, a Kan Kwamfutar da Na Ƙi Dannawa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga mahaifiyata, Inna Hauwa'u ta Taloka, mai albasa ta bakin rumfar kasuwar Goronyo. Bayan gaisuwa ta ɗa ga uwa, da fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki, ina sanar da ke cewa gida lafiya lau, albasar bana ta yi kyau, bakin ɗanki Garba kuma yana nan yadda kinka bar shi. Na san akwai masu leƙen wagga wasiƙa ta bayan kafaɗata. Su leƙa, amma da ke nike magana.

Inna, takwararki Ummi ta girma, har ta fi uwarta tsawo. Bara ta zauna jarabawar shiga makarantar gaba, wadda yanzu da kwamfuta ake yin ta. Yarinya ta san karatunta sarai, amma ba ta taɓa riƙe abin nan da ake turawa bisa tebur ba, wanda suke kira maus. Ta tura shi gabas, kibiyar allo ta nufi yamma. Tana wannan kokawa lokaci ya ƙare. Ta dawo gida ba ta ko taɓa tuwo ba, ta ce mini, “Baba, sau ɗaya zan ƙara gwadawa. In ta sake kayar da ni, na haƙura da boko.” Kin san jininki, in ta faɗi magana ba ta janyewa.

Sai na yi alkawarin za ta samu kwamfuta a cikin gida, ta yi ta turzawa har hannunta ya saba. Kin kuma san ni da sayen abu a dunƙule, ba mu shiri. Wanda ya saba zazzage buhu kafin ya taya ba ya sayen akwati rufe. Na tahi birni na tsinto kayan ɗaya bayan ɗaya: akwatin ƙarfe, babban faifai mai kama da taswirar gari wanda komai ke hawa bisansa, tukunyar wuta mai raba wa sauran lantarki, fanka, da wasu sirara guda biyu masu haƙoran zinari da ake kira ram. Malam Yohanna, malamin kwamfuta da ke koyarwa a Rabah, abokin cinikina ne na albasa, shi ya nuna mini hotunan yadda ake haɗawa. Na duba na ce, wanga ai bai kai ɗinkin buhu wuya ba.

Kuskurena na farko, na faɗi haka a kasuwa.

Ranar da na gama haɗawa, bayan la'asar, zaure ya cika. Alhaji Mudi mai hatsi, maƙwabcin rumfarki, ya zo da kujerarsa. Ummi ta sa sabon mayafi kamar za ta biki. Na gyara hula, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji, na danna maɓalli.

Shiru, Inna. Ko tari ba ta yi ba.

Alhaji Mudi ya ce, “Injiniya, ko dai ba ka yi mata sallama ba?” Zaure ya kwashe da dariya. Na leƙa bayanta, ashe akwai wani ƙaramin makunni a jikin tukunyar wuta da na bari a kashe. Na kunna shi ina cewa da gangan na yi don in gwada haƙurinsu. Na sake danna maɓalli. Fanka ta juya, wata 'yar fitila ta kama, zuciyata ta yi fari. Amma allo baƙi ƙirin, kamar gindin tukunyarki ta dahuwar wake.

Daga nan kowa ya zama malami. Wani ya ce wutar sola ce ba ta da ƙarfi, anka jawo jannareta, allo bai canza ba. Wani ya ce allon ne matacce, munka ɗauke shi bisa babur zuwa shagon masu buga takardu, ya kama tar a jikin kwamfutarsu. Na canza waya, na hure ramuka, na cire na mayar. Uwar Ummi ta turo turaren wuta daga cikin gida, wai baki ne ya kama kwamfutar. Alhaji Mudi ya ce in baki ne, to nawa ne, don babu wanda ya kai ni surutu a kanta.

A kasuwa kuwa sunana ya koma Injiniya Mai Albasa. Har masu lodin mota na tambayata, “Mi allo yac ce yau?” Wannan bai dame ni ba, ni ma na sha yi wa mutane. Abin da ya dame ni Ummi ce. Jarabawa na matsowa, ta daina tambaya. Da safe sai ta share zaure, ta goge akwatin da tsumma, ta rufe shi da zane, ta wuce. Wannan shirun ya fi dariyar kasuwa ciwo.

A nan ne na tuna da ke. Kin tuna in buhu ya fara wari, ba ki tsayawa kina shinshina shi ta waje kina zargin mai gona? Tabarma kike shimfiɗawa, ki ce, “Zazzage shi duka, mu gan su ɗai-ɗai.” Haka na yi. Da hantsi na shimfiɗa tabarmarki ta kaba, na kwance komai, na ɗora babban faifan bisa kwalinsa, na bar masa abin da ba ya tashi sai da shi kawai. Na kira Malam Yohanna ta waya mai hoto, Ummi ta riƙe tana haska masa.

Bai daɗe yana kallo ba ya ce a matso da wayar wajen ram. Sai na ji yana dariya har da tari. Ya ce, “Malam Garba, haƙoran zinarin nan da nake gani a waje, ado ka bar su? Ai ba ka sa su ba, jingina su ka yi.” Ya duba babbar wayar da ke kai wuta ga faifan, ita ma ƙugiyarta ba ta kama ba. Ya ce in sa manyan yatsuna biyu, ɗaya kowane gefe, in danna har sai na ji ƙas.

Inna, kin san wa ya jawo wannan? Ke ce.

Tun ina ɗan ƙarami a gefen rumfarki, duk ranar da na ɗauki albasa na latsa ta da yatsa, sai na ji mafici a bayan hannuna. “Sake ta! Wa yac ce ka matsa ta? Inda ka danna nan za ta ruɓe.” Kinka koya mini in ɗauki kaya kamar ƙwai, in aje kamar jariri. Har yau in mai saye ya latsa mini albasa sai na ji kamar idona ya tsokane. To da wannan hannun na haɗa kwamfuta. Kowane abu na ɗora shi a hankali, da ya ɗan yi gardama sai in ƙyale shi, in ce ya zauna.

Na sa yatsu kamar yadda Malam ya ce. Na taɓa, na ɗan matsa, faifan ya yi wata 'yar ƙara, sai hannuna ya janye da kansa. Wallahi bayan hannuna har zafi ya yi, kamar maficin na tafe. Malam na ta kira daga Rabah, “Danna mana! Ba ta karyewa!” Na ce, “Malam, kai ba ka san wadda ta rene ni ba.”

Sai Ummi ta miƙo mini wayar ta ce, “Baba, riƙe nan.” Ta durƙusa bisa tabarmarki, ta naɗe hannun riga. Ita ba ta taɓa shan maficinki ba, goyo da ƙuli-ƙuli kawai ta sani a wurinki. Ta ɗora yatsu ta danna da dukan ƙarfinta. Ƙas! Na runtse ido. Ta koma ga na biyun. Ƙas! Ta kama babbar wayar ta tura har ƙugiya ta kama. Ni dai ina ta salati.

Munka mayar da komai cikin akwati, ta danna maɓalli da kanta. Fanka ta juya, allo ya yi ƙifta ɗaya, sai ga rubutu fari tas ya fito. Uwarta ta rangaɗa guɗa daga tsakar gida tana cewa turarenta ne ya yi aiki. Ban yi musu ba, ina son cin tuwo. Alhaji Mudi ya zo ya leƙa, ya ce shi dama ya san za ta tashi. A kasuwa na ce ni da ɗiyata munka gyara, kuma kin ga ban yi ƙarya ba, ni na riƙe waya.

Daga ranar zaure ya zama nata. Tana gama aikin gida sai ta zauna tana tura maus, har ƙawayenta biyu daga Wurno sunka riƙa zuwa suna karɓa-karɓa. Ranar jarabawa na raka ta birni, na zauna ƙarƙashin wata bishiya ina jan carbi. Ta fito tana murmushi irin naki, na gefe ɗaya, ta ce, “Baba, yau kibiya ta bi ni.” Sakamako ya fito, Inna. Ta ci. Aikin jinya za ta karanta.

Ke da kike aza ta bisa buhu kina cewa wagga ba za ta ƙare a rumfa ba, ga shi ba ki nan anka yi. Na so a ce kina zaune a zauren nan ranar, ki ga sunanki ya durƙusa bisa tabarmarki yana danna abin da ɗanki ya kasa. Na san mi za ki yi. Za ki ɗaga mafici, sannan ki aje shi ki yi dariya.

Hannuna dai ba zai sake hali ba, kuma ba ni so ya sake. Da shi nike ci da iyali, da shi na ɗauki Ummi ranar da anka haife ta, da shi na gyara maki matashi a kwanakinki na ƙarshe. In wani abu ya sake buƙatar dannawa, akwai mai yi a gidan.

Allah Ya jiƙan ki, Inna. Ya yalwata kabarinki, Ya sanyaya shi, Ya riƙe ki da sauƙi fiye da yadda kinka riƙe mu. Ya sa wa karatun takwararki albarka, ladar duk majinyacin da za ta taɓa ta iso gare ki. Amin.

Ɗanki mai sanyin hannu da zafin baki,
Garba, daga rumfarki ta Goronyo.