Ruwan Da Ya Ƙi Komawa Ja

Malam Nata'ala, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni falken shanu ne a Sheme. Tun ɗana Almu yana ƙarami na hore shi kada ya faɗi abin da idonsa bai gani ba, yanzu horon ya zame mana jidali.

Da kuɗin mai suka zo, an gina wa makarantarsu ɗakin gwajin kimiyya, famfuna reras, ko ɗaya bai taɓa ɗigo ba. Ranar gwaji aka ba su ruwan magani iri biyu, su haɗa su rubuta abin da suka gani. Littafi ya ce zai koma ja. Ashe maganin ya daɗe a sito har ya mutu, ruwan kowa bai motsa ba. Almu ya rubuta bai ga komai ba, malaminsu ya ba shi sifiri. Sauran duk suka rubuta a takarda sun ga ja. Har Mamuda ɗan maƙwabcina, da ya wuni ranar yana riƙe mani bijimi a kasuwar Yankara, ya miƙa tasa takardar washegari ya cinye. Da wannan maki za a zaɓi masu zuwa karatu waje. Almu ya daina cin abinci, uwarsa ta ce ni na cuce shi. In ce masa ya fara ganin ja?

Uban Mai Gaskiya, Sheme

Alhaji, kada ka warware tarbiyyarka. Amma ka tausaya wa malamin. Amsar da aka aiko masa daga Ikko ta ce ja, kuma a Ikko ba a san zafin sitonku ba. Da ya yarda da Almu, da sai ya kayar da aji guda, ya kuma bayyana wa sufeton makarantu inda maganin ya kwana.

Shi ma Almu ya yi rowar tawada. Nan gaba ya rubuta abin da littafi ya yi alkawari, da abin da ya gani, da dalilin da yake zato. Nan makin yake.

Ka je wurin malamin cikin girmamawa, ka roƙi a sake gwajin da sabon magani, ga kowa, ranar da ba kasuwa. Mamuda ma ya samu ya ga jan nan da idonsa.

Allah ya yi wa Almu albarka.