Ni na sa Kawu ya sa hannu a takardar da za ta kashe masa sana'a

Assalamu alaikum 'yan gidan nan. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi na gaji.

Ina aiki a ofishin wani ɗan majalisa, shugaban kwamiti ne, shekara shida ke nan ni ce mai buga masa rahoto. Daga Masaka nake tasowa kullum, gosulon hanyar nan kaɗai ya isa ya tsofar da mutum. Kawuna da ya riƙe ni tun ina firamare dillalin lemo da mangwaro ne a kasuwar Zuba, shi ne ma sakataren ƙungiyarsu.

Akwai ƙudurin doka a gaban kwamitinmu, wai don lafiyar jama'a, duk mai safarar kayan marmari sai da mota mai sanyi da sabon lasisi. Na san inda sashen nan ya fito, mutanen wani kamfani mai irin motocin ne suka kawo shi a fulash, ni na buɗe shi a kwamfuta, ko waƙafi ba a canza ba. Su Kawu kuwa a buɗaɗɗiyar mota ake kawo musu kaya daga Binuwai, in dokar ta wuce a haka sun tashi daga aiki.

Da aka sa ranar jin ra'ayin jama'a ni na matsa wa Kawu su zo, har na taya su rubuta ƙorafinsu da Turanci. Suka zo tun da safe cikin manyan riguna, da direbobinsu 'yan ƙabilar Tibi. Lauyan kamfanin ya share kusan awa guda yana nuna hotuna. Da aka zo kan Kawu aka ba shi minti biyu, shi kuma kun san dattijo, sai ya kama gaishe da manya ɗaya bayan ɗaya, bai gama gaisuwa ba oga ya duba agogo ya ce a miƙa takarda za a duba. Ni na zagaya da takardar halarta, na ce su sa hannu don a san sun zo, wasu ma dangwala yatsa suka yi.

Satin da ya wuce oga ya ce in cire ƙorafinsu daga rahoto, in rubuta cewa masu sana'ar sun amince, in maƙala takardar halartar nan a baya a matsayin shaida. Na ce ranka ya daɗe ai ba haka suka ce ba. Ya ce shugabannin jam'iyya sun riga sun yi magana, kuma injin buga takarda ba ya da ra'ayi, in na ƙosa da kujerar akwai masu jira. Ni ga yara biyu, mijina kuma aikinsa ya tsaya.

Ranar Talata za a gabatar da rahoton. In zare takardar sa hannun in ce ta ɓata? In gaya wa Kawu gaskiya su tada ƙura, alhali kowa zai san daga bakina ta fita? Ko in buga in yi shiru?

Jiya Kawu ya aiko da buhun lemo zaɓaɓɓe, ya ce in kai wa ogana, in ce sun gode da ya saurari talakawa. Buhun yana nan bayan ƙofata, na kasa kaiwa, na kasa ɓare ko ɗaya. Me zan ce masa in ya kira ya tambaya ko saƙo ya isa?