Gwajin Auduga

Litinin, 3 ga Maris

Yau shekara goma sha bakwai cif da fitowar mujallar likitocin nan da ta buga aikina. Shekara shida na yi ina bin ƙauyuka da jaka da dunƙulen auduga. Masu kuturta ɗari huɗu da goma sha biyu na duba, kowanne na taɓa shi da hannuna, na zana tabonsa a kati. Da aikin ya fito, sunan shugaban sashenmu, wanda nake kira Mai Turare, shi ne a sama da manyan baƙaƙe. Nawa yana can ƙasa a layin godiya, tsakanin direba da mai buga tafireta. Mutumin da ko majiyyaci ya miƙa masa hannu sai ya shiga laluben biro a aljihu. Ranar na ajiye makullin ofis a kan teburinsa, na rantse ƙafata ba za ta sake taka sashen fata ba. A gidan nan ma kowa ya san ba a ambatar sunansa.

Katunan suna nan cikin kwali uku a ƙarƙashin gado. Su kaɗai ne bai samu ba.

Talata, 11 ga Maris

Na je aski. Yana cikin gyaran ƙeya sai ya tsaya, ya ce, "Ayya Likita, yi haƙuri, na yanke ka." Na ce ina? Ya nuna mini auduga da jini a jiki. Wai akwai wani wuri a ƙasan ƙeyata da ya koɗe, faɗinsa kamar bakin kofi, kuma ba gashi ko ɗaya, reza tana wucewa kamar kan kwalba. Na ce kyasbi ne. Ya yi dariya, ya ce, "Likitan fata da kyasbi? To mu kuma wajen wa za mu kai namu?"

Surutu ne kawai da shi.

Juma'a, 28 ga Maris

Akwai na biyu, a bayan hannun dama, sama da wuyan hannu kaɗan. Bakinsa ya ɗan taso. Na yi tafiya cikin rana na dawo jiƙe da gumi, shi kuwa a bushe yake kamar ba a jikina ba.

Na ɗauko auduga. Gwajin ba wuya, yaran da na koya wa sun fi ɗari: ka murza ta ta yi tsini, majiyyaci ya rufe ido, ka taɓa tabon, ya nuna maka da yatsa inda ya ji. In ya ji, ka nemi wata cutar. In bai ji ba, ka buɗe kati.

Na rufe ido na taɓa. Na ji. Sau goma na yi, sau goma na ji. Shi ke nan, kyasbi ne. Na sayo man shafawa.

Laraba, 16 ga Afrilu

Man ya ƙare. Tabon bai san an yi ba.

Alhamis, 8 ga Mayu

Na farka da safe, haske ya riga ya shigo ta labule, sai na ji hannun mutum a kan ƙirjina. Sanyi, da nauyi. Tun rasuwar uwar yara ba wanda ya kwana a ɗakin nan sai ni. Na kasa motsi. Na daɗe ina kallon silin, ina jiran mai hannun ya yi magana. Daga baya na yi ta maza na cafke shi da hagu.

Nawa ne. Yatsu uku sun amsa, biyun ƙarshe suka yi shiru kamar baƙi.

Kwanciya ce na yi a kansa. Kowa yana yi.

Asabar, 24 ga Mayu

Auta ta zo da yamma kamar kowace Asabar, ta share ɗaki, ta yi mita a kan jaridun da na tara. Ta ga kwalin katunan a buɗe, ta ce, "Baba, ka koma hira da mutanenka ke nan?" Haka take kiransu tun tana ƙarama, mutanenka. Kowane kati da zanen mutum biyu a jiki, gaba da baya, ba fuska, hannuwa a buɗe. Tana yarinya ba ta yarda ta shiga ɗakin in suna waje, wai suna kallonta. Na ce mata da wane idon? Ta ce shi ya sa.

Na sa riga mai dogon hannu duk da zafin da ake yi. Ta kalle ni, ta ci gaba da aikinta. Halin uwarta.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na sami kati guda da ba a rubuta komai a kai ba, a ƙasan kwali na uku. Ban san na bar shi ba. Don tsari kawai na cike shi. Lamba ɗari huɗu da goma sha uku. Namiji, shekara sittin da takwas. Tabo biyu, ƙeya da hannun dama. Na laluba jijiyar bayan gwiwar hannu, ta yi kauri kamar igiyar shanya, tana birgima a ƙarƙashin yatsa. Na rubuta. Wurin sunan cuta na bar shi fili.

Gwajin auduga: goma cikin goma.

Litinin, 7 ga Yuli

Maganin abin nan, in da shi ne, ba a sayar da shi a kemis. A sashen fata kaɗai ake bayarwa, kyauta, amma sai an rubuta sunanka a babban littafi, littafin kuma duk ƙarshen wata yana hawa teburin shugaban sashe. Ina ganinsa da idon zuciya, ya gyara tabarau, ya bi layi da bayan biro, ya tsaya a kan sunana. Wannan karon a sama.

Ba ciwon ba ne ma, balle.

Laraba, 30 ga Yuli

Na dawo daga sayen burodi wajen ƙarfe goma sai na ga ɗigon jini a tsakar falo. Sabo, bai bushe ba. Na tsaya. Wani a gaba, wani a gabansa, a jere, daga kicin zuwa ƙofar ɗakina. Ƙofar gida a kulle na same ta. Na ce ko mage ce ta shigo ta taga da rauni. Na ɗauki sandar labule na bi sawun a hankali, na leƙa bayan kujera, na leƙa ƙarƙashin gado. Ba kowa. Da na juyo sai na ga layin ya zama biyu, ɗaya na shiga, ɗaya yana biye da ni har inda nake tsaye.

Murfin gwangwanin madara ne. Tun kafin in fita na buɗe shi. Gefen tafin hannu ya tsage har ana ganin fari. Mai burodi ya karɓi kuɗi a hannun nan, bai ce komai ba, ko kuma ya ce ban ji ba.

Na wanke, na ɗaure, na goge falo sau biyu.

Talata, 19 ga Agusta

Kwana biyu tsohuwar nan ta kati na tamanin da takwas tana zuwa mini a rai. Mai sayar da gawayi ce, siririya, tana da tabo a kafaɗa. Da idona na ga ta sauke tukunya daga wuta ba tsumma. Amma in na yi mata gwaji, ido a rufe, ko sau ɗaya ba ta kuskure wurin. Wata uku tana yi mini haka. Ranar da na gaji na ce, Iya, don Allah yaya kike yi? Ta yi murmushi, idon har yanzu a rufe, ta ce, "Ɗan nan, duk sanda za ka taɓa ni sai ka riƙe numfashi. Hannun rigarka kuma yana gaya mini inda ka nufa." Na ce to me ya sa? Ta ce, "Ba na so a rubuta ni."

Na rubuta ta. Lokacin ƙafar hagu ta riga ta tafi.

Ta rasu da daɗewa. Amma ɗazu da na rufe ido zan yi nawa gwajin, sai na ji na riƙe numfashi, kuma wallahi kamar wani yana murmushi a ɗakin.

Alhamis, 11 ga Satumba

Biro yana zamewa. Rubutuna ya fara kwanciya gefe guda, kamar na wani.

Asabar, 4 ga Oktoba

Maɓallin riga ya ɗauke ni minti biyar. Na ce wa Auta rigunan zamani ne, ramin ya yi ƙanƙanta. Ta ce, "Baba, rigar nan ta girme ni."

Asabar, 8 ga Nuwamba

Zan rubuta yadda ya faru, ba ƙari.

Muna kicin, ina haɗa mata shayi don ba na son yadda take cika sukari. Tana ba ni labarin wata ɗalibarta. Sai ta katse labarin, ta ɗaga hanci, ta ce, "Baba, ƙauri nake ji." Ni ma na ji. Na duba risho, na duba soket, har na ce ko maƙwabta ne suke babbaka. Sai ta yi ƙara ta fizge hannuna. Ƙaramin yatsana ne a jingine da jikin buta, Allah kaɗai ya san tun yaushe. Fatar ta manne ta bar shaida a jikin ƙarfen.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaure mini, ta naɗe hannun rigata sama, ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da audugar, ta ce, "Zauna." Na ce na yi gwajin nan ya fi sau ɗari. Ta ce, "Kai da kanka? Baba, ina aji uku ka koya mini cewa mutum ba ya yi wa kansa. Hannun da ya taɓa shi ne yake kai rahoto." Na ce ni za ki koya wa aikina? Ta ce, "A'a, naka nake maimaita maka. Rufe ido."

Ta cire awarwaronta ta ajiye a tebur, don kada su yi ƙara. Wannan ban koya mata ba.

Na rufe. Agogon bango yana ta bugawa. Wata mota ta wuce. Na saurari numfashinta, ba ta riƙe ba, ba ta sauya ba. Na jira. Na jira har na fara jin haushi, na ce, "To fara mana, ba ni da lokacin wasa."

Ta ce, "Baba, sau bakwai ke nan."

Talata, 11 ga Nuwamba

Ta ɗauki hutu a makaranta ta kai ni sashen fata. Na ce mata rakiya kawai zan yi, in ga yadda suka lalata wurin. Bencin nan na katako yana nan, an yi masa fenti shuɗi. Warin ma bai sauya ba. Na zauna tsakanin wani mai ƙora a kai da wata mata da gashinta ya zube gefe guda, ina kallon ƙofar ƙarshen baranda, ofishin Mai Turare, ina shirya abin da zan faɗa in ta buɗe. Shekara goma sha bakwai ina shirya shi.

Wata likita ce ta kira mu, yarinya, ba ta kai Auta ba. Ta kama hannuna da hannu biyu, ba safa, ta bi jijiyar da babban yatsa yadda ya kamata. Ta tsaga fatar kunne kaɗan ta shafa a gilas a kai ɗakin gwaji. Ta ce, "Baba, yaushe ka fara ganin tabon?" Na miƙa mata katin. Ta karanta gaba da baya, ta ɗago ta ce wa ya cike wannan, ai ko malamanmu ba sa zana tabo haka. Na ce wani ne. Ta ɗauki biro ta cike wurin da na bari. Kuturta. Rubutunta ƙanana ne, a tsaye.

Da za ta buɗe babban littafin na ce, shugabanku yana ciki? Na faɗi sunan, karo na farko. Ta ɗan yi tunani. Ta ce, "Au, Farfesa? Ai shekara uku ke nan da ya bari. Shanyewar jiki ce ta same shi, yana wajen ɗansa, an ce ko mutane ba ya ganewa. Ka san shi ne?"

Na ce a'a.

Ɗakin ƙarshen barandan, da muka wuce na leƙa. Kwalayen safar hannu ne a ciki har rufi.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Magani na wata goma sha biyu. Fitsari ya koma ja, an ce haka yake, kamar ban sani ba. Likitar ta ce tun makon farko ba na iya sa wa kowa, an duba Auta ma ba ta da komai.

Yanzu kullum da yamma sai ta biyo daga makaranta ta duba tafin hannuna da na ƙafa, ko akwai yankan da ban sani ba. Ina barinta ne don kada ta yi ta mita. Ta sayo mini kofi mai marfi da hannun roba. Mummuna ne. Da shi nake sha.

Likitar ta tambaya ko zan yarda ɗalibai su gwada hannunsu a kaina ranar Laraba, wai ba su cika samun jijiya mai kauri haka ba. Na ce zan duba. Na ga yadda ɗaya daga cikinsu yake murza auduga, kamar zai goge kunne. Dole wani ya gaya masa. Kwali ukun ma na fito da su falo, suna tare wuri ne kawai a ƙarƙashin gado.

Na tambaye ta maganar yatsun, ba don ban san amsa ba. Ba ta yi mini kwana-kwana ba. Ta ce jijiya in ba ta wuce wata shida da mutuwa ba ana iya ceto ta. Tawa ta wuce.

Ƙaramin yatsa da na kusa da shi, hannun dama. Ba za su dawo ba.