Irin Baba Ya Dawo Gida

Zuwa ga ƙanwata Nasiba, a Dakwaro.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lahiya, ke da maigidanki da ɗiya duka. Mu nan Filinge sai godiya. Matata Safi na nan, ƙafar tata ta yi sauƙi, bakin ne dai bai taɓa ciwo ba. Ni kuwa tsufa na ta aikinsa a hankali, ban hana shi ba.

Na jinkirta rubuto miki ne don in ga ƙarshen abin tukuna. Kin ji dai an ce ba mu da iri, amma ba ki ji yadda aka yi ba. Bana ƙarfina bai kai gona ba, sai na bar wa ɗana Nasiru shibka. Ya ga hadari ya haɗu gabas, ya ce binne zai yi, ya zuba iri cikin busasshiyar ƙasa don ya riga kowa. Binne ba laifi ba ne, Baba ma ya yi. Amma Baba bai taɓa kwashe iri duka ba, kullum yakan bar rabi rataye a rumbu. Nasiru kuwa ya kwashe har da kakkaɓe buhu. Aka yi yayyafi, hatsi ya tsiro, rana ta fito ta ƙone shi ƙurmus. Na tambaye shi ina saura, ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa kamar a ciki ya ɓoye.

Ba cewa na yi babu iri a kasuwa ba. Akwai, amma ba namu ba ne. Namu shi ya san wannan rairayi, dogo mai cika har baki, wanda Baba yake shiga gona ya zaɓa zangarniya-zangarniya kafin kowa ya sa wuƙa. Na ɗauka a hannuna ya ƙare, har tuwo ya daina shiga mini.

Ana haka sai ga Idrisa mai fataucin shanu da ƙunshi, ya ce ke kika ba shi. Ina kwancewa na gane shi tun ban taɓa ba. Ashe ɗan damin da Inna ta sa miki cikin kayan aure ba ki daka shi fura ba, kina ta shibka shi bayan gida duk shekarun nan, ba ki taɓa gaya wa kowa ba. Safi ta ce dama ke haka kike, ko gishiri aka ba ki sai kin rage.

Mun shibka a makare, ruwa kuma ya raka mu har ƙarshe. Da hatsi ya nuna na sa aka kai ni gona bisa jaki, na tsaya Nasiru ya yi zaɓe da hannunsa. Wadda ya miƙo in ce a'a, ya miƙo wata. Bai yi gardama ba ko sau ɗaya, abin da ban saba gani ba. Mafi kyawunsu mun raba biyu, ga naki nan wurin Idrisa. Nasiru da kansa ya ce daga yau irin nan gida biyu zai riƙa kwana.

Allah Ya saka miki, Ya jiƙan Baba da Inna. Ki gai da maigidanki Malam Hafizu, da Balkisa, da autarki Ummi. Safi da Nasiru na gaishe ki ƙwarai.

Ni ne wanki,
Kailu