Kajinka da Lambun Inna

Ƙanena Sani,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ya zaman Agadas, ya iyali? Mu nan Madarunfa sai godiya.

Kajin da ka bar mini sun rame, biyu sun mutu. Tsutsar ciki ce. Sau uku ina ba su magani, tana fita tana dawowa. Likitan dabbobi ya ce ƙwanta yana bin kashinsu ya zauna cikin ƙasa mai laima, su yi tono su sake haɗiye shi. To, Inna kullum sai ta share akurki ta zuba a lambun yakuwarta, can kuma suke wuni. Na yi bayani, ta ce boko ya yi mini yawa.

Na gaji. Ka kira ta, kai auta take ji. A sa mu a addu'a, a gaida Hadiza da yara.

Yayanka,
Isuhu