Teburin Gift, ƙarfe biyu

Baban Gift,

Na wuce coci da wuri, ajin yara na jirana. Shayi na cikin flas.

Jiya na yi shiru ne saboda yara, amma raina ya ɓaci. Tun ranar Laraba na kama mana tebur a gidan abincin wurin wasan yaran nan, ƙarfe ɗaya, na kuma faɗa maka minti goma sha biyar kawai suke jiran mutum. Ina bakin get ina jiran mai kawo kek, kai kuwa ka leƙa ka ɗora hularka a kan kujera, ka ce wa ma'aikatan "muna zuwa", ka kwashi yara sai layin lilo. Layin banki ne, da za ka ce "ina bayanka" ka tafi harkarka? Biyu saura kuka dawo, an ba wasu teburin.

Gift ta hura kyandir ɗin shekara bakwai a gindin bishiya, kek a kan murfin kula. Ba ta yi kuka ba. Tambayata kawai ta yi ko mun manta ne.

Na roƙi manajan, ya sake ba mu yau, ƙarfe biyu. Ka san cunkoson Nyanya, don haka ku bar gida Orozo sha biyu da rabi, mu haɗu a gidan abincin. Babu lilo sai an ci abinci.

Ban gaya mata ba tukuna. Kai za ka gaya mata, in ka tabbata za ka iso.

Maman Gift