Na Taka Tsibirin Kunkuru, Inna

Waisai, ranar Litinin

Inna,

Salamu alaikum. Ya ƙafar taki? Ya 'yata Sitti da makaranta? Ni lafiyata lau, sai dai na bar otal ɗin nan, kuma gara ki ji daga bakina.

Shekara biyu ina kakkaɓe farin yashi daga tawul ɗin baƙi, ban taɓa ganin tsibirin da suke kwaso shi ba. Da na roƙi manajanmu, Pak Hendrik, ya bar ni in bi jirgin ruwan otal zuwa can, sai ya ce jirgin na baƙi ne, ban da masu wanki.

Ran hutuna maƙwabciyata Mama Yosina ta kai ni a kwalekwalen mijinta. Mai gadin tsibirin ya rubuta sunana, ya ce, "Ki sha kallo, Yaya, amma ko ɓawon dodon koɗi kar ki ɗauka." Inna, ruwan garau, har kunkurun teku ya gifta ta gefen ƙafata!

Ina cikin ruwa da zanina sai ga manaja da baƙinsa. "Ke! Me ya kawo ki nan?"

Na ce, "Abin da ya kawo ka, ranka ya daɗe. Nan ba otal ɗinka ba ne."

Washegari ya sallame ni. Yanzu ina suyar kifi da Mama Yosina a kasuwa. Hayaƙin na ɗan damun ƙirjina, amma ba komai.

Ki gaya wa Yaya Hasrin ya daina cewa in dawo. Ban yi nadama ba, kuma ba zan ba mutumin nan haƙuri ba. Ki dai sa min albarka.

'Yarki,
Nurlina